Saƙon da ba ya tsallake rauta: yaushe ake gina gada, yaushe ake barin katanga

Wani Alhaji mai harkar shinkafa yana da ofis a Birnin Kebbi, sitonsa kuma yana Jega. Da kaka ta kama, motocin shanshera suka fara jerin gwano a bakin siton, sai ya sa aka kafa masa kyamarori takwas da na'urar dangwala yatsa ta ma'aikata, ga kuma sikelin auna mota da ya daɗe a wurin. Burinsa ya zauna a kujerarsa a Birnin Kebbi ya ga abin da ke shiga da abin da ke fita. Ni aka kira in haɗa wuraren biyu.

Muka sa rauta, na'urar da ke haɗa netwok ɗin wuri da na waje, ɗaya a nan ɗaya a can, muka ƙulla su ta intanet. Na zauna a ofis na buga ping, ɗan umarnin nan da ake ƙwanƙwasa wa na'ura ƙofa da shi a ji ko tana nan. Kyamara ta farko ta amsa, ta biyu ta amsa, har ta takwas. Amma da muka buɗe manhajar da ke lalubo kyamarori muka ce ta nemo, sai allo ya fito fayau. Alhali jiya-jiya a Jega, ina soka kebul a suwic, akwatin nan da ke haɗa na'urorin wuri ɗaya, manhajar nan ta jero su duka kafin in gyara zama.

Alhaji ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Injiniya, kai kac ce sun amsa. To mi yah hana ta ganinsu?" Yaron da ke koyon aiki a hannuna bai jira ni ba, ya ce, "Oga, a yi birij kawai a wuce wurin."

Gada yake nufi da birij, wato a haɗe wuraren biyu su zama netwok ɗaya. Yaron bai yi ƙarya ba. Da mun bi shawararsa, kafin la'asar kyamarorin sun bayyana. Ban bi ba, domin na ga ofisoshi da makarantu a jihar nan da aka yi musu irin wannan gaggawa, suna ta fama da ciwon da ba su san asalinsa ba.

Kowace na'ura da ke kan netwok suna biyu gare ta. Na farko shi ne adireshin MAC, wanda nake kira sunan yanka. Kamfanin da ya ƙera ta ne ya raɗa mata, kuma in ka juya rauta ko kyamara za ka gan shi a 'yar takardar da aka manna a ƙasa: haruffa da lambobi 12, bibbiyu, wato bit 48. Rabin farko lambar kamfani ce da hukumar IEEE ta ba shi, rabi na biyu kamfanin ke rabawa. Babu gari ko unguwa a cikin wannan suna. Ka ɗauke kyamara daga Jega ka kai ta Kamba, sunan na nan yadda yake. Suna ne na kira a tsakar gida, inda kowa ke jin kowa.

Da shi suwic ke aiki. Duk ƙunshin saƙon da ya shigo ta wata kafa, wato ramin da ake soka kebul, suwic na duba sunan mai aikowa ya rubuta a littafinsa cewa wane yana kafa ta uku. In an aiko wa wanda ya sani, ya miƙa masa kai tsaye. In bai san shi ba, sai ya watsa ƙunshin ta kowace kafa in ban da wadda ya shigo. Wanda aka yi daƙiƙa 300 ba a ji ɗuriyarsa ba, yawancin suwic na goge shi daga littafin. Akwai kuma wani suna na musamman, harafin F guda 12 a jere, wanda ke nufin kowa da kowa. Wannan ita ce shela, kuma suwic ba ya hana ta, duk kafar da yake da ita sai ta ji.

Suna na biyu shi ne adireshin IP, kuma irin na tasha ne. In za ka aika kwali Argungu, kamasho ba zai karɓa ba in sunan mutum kaɗai ka rubuta, sai ka sa gari. Haka IP yake, kashi biyu. A 192.168.10.25, yadda aka saba rabawa, 192.168.10 shi ne gari, 25 shi ne gida. Rauta ita ce tashar. In ƙunshi ya iso mata, tana kwance naɗin Ethernet, wato naɗin tsakar gida mai ɗauke da sunan yanka, ta yar, ta karanta adireshin IP, ta rage ɗaya daga wata lamba da ake kira TTL, mai ƙirga sauran tashoshin da saƙo zai iya ratsawa, ta sake naɗe saƙon da nata sunan yankan, sannan ta tura gaba. Shi ya sa sunan yankan kyamarar Jega bai taɓa isowa Birnin Kebbi ba. Shela kuwa a bakin rauta take mutuwa, kuma da gangan aka ƙera ta haka. A ce duk shelar da aka yi a Gwandu sai an ji ta a Yauri da Zuru, wa zai ji maganar maƙwabcinsa?

Amsar tambayar Alhaji ke nan. Ping na ɗauke da adireshi cikakke, tasha ta karɓa. Manhajar kuwa tsayawa take a tsakar gida ta ɗaga murya, ta ce duk kyamarar da ke nan ta amsa. A Jega suna gida ɗaya, suka ji. A Birnin Kebbi muryar ta kai bakin rauta ta tsaya.

In ma'aikata suka ce saƙo "ba ya bin rauta", abubuwa daban-daban suke nufi, kuma rashin bambance su ke sa a sha maganin da ba na ciwon ba. Akwai yarukan na'ura da tun asali ba su da adireshin gari ko kaɗan. Wanda ya yi aiki a kafe na intanet a farkon shekarun 2000 zai tuna NetBEUI, da IBM ta fito da shi a 1985, wanda kwamfutocin Windows ke ganin juna da shi su raba firinta. Sunan kwamfuta kawai ya sani, da shela yake neman kowa. Da Windows XP ta fito a 2001 Microsoft ta daina sa shi cikin abubuwan da ke zuwa a shirye. Haka LAT na kamfanin DEC, haka yawancin zirga-zirgar SNA ta manyan kwamfutocin IBM da bankunan duniya suka daɗe suna dogara da su. Waɗannan sun zama tarihi a wurinmu, amma danginsu na nan da rai. PPPoE, da ƙananan masu sayar da intanet ke tantance kwastoma da shi, da shelar Ethernet yake fara neman saba, wato na'urar da ke yi wa saura hidima, kafin a ba kowa IP. Saƙonnin GOOSE da na'urorin kariya ke aika wa juna a tashoshin wutar lantarki na zamani kai tsaye suke hawa Ethernet, haka PROFINET a injinan masana'anta. Rauta ba ta da abin da za ta karanta a jikinsu.

Wasu kuma suna da IP ɗin, amma an ɗaure su da gangan kada su fita gida. Sabuwar kwamfuta da ke neman adireshi ta hanyar DHCP tana aika roƙonta zuwa 255.255.255.255, shela ce. Wayar da ke neman firinta ko talabijin tana amfani da mDNS, zuwa 224.0.0.251, kuma duk adireshin da ya fara da 224.0.0 doka ta hana rauta wucewa da shi. Manhajojin lalubo kyamara da na'urar yatsa da rediyon dogon zango galibi a wannan layi suke.

Sai wani kuskure da nake yawan ji a bakin ɗaliban da makarantu ke turo mana koyon aiki. Sun karanta cewa adireshin da ya fara da 10, ko 192.168, ko 172.16 zuwa 172.31, ba ya bin rauta. Intanet ɗin jama'a ne ba ya ɗaukarsu, bisa ƙa'idar da aka kafa a 1996. A cikin naka netwok, rautocinka na kai su duk inda ka nuna musu. Wannan ba ya buƙatar gada ko kusa.

To mece ce gadar? Ita ce ka sa wurare biyu su zama tsakar gida ɗaya, ƙunshin Ethernet ya tashi daga nan ya sauka can da sunan yankansa, ba a kwance shi ba. Suwic kansa gada ne mai kafofi da yawa. Ni dai in ina yi wa mai kuɗi bayani, ce masa nake yi fasa katanga ne tsakanin gida biyu. Kira zai yi sauƙi, amma hayaƙin murhun wancan gida da kukan yaransa da ɓarawon da ya hauro masa duk sun zama naka.

In wuraren biyu na harabar gida ɗaya ne, a ce ofishin shugaban makaranta da ɗakin kwamfuta, sau da yawa ba ruwan rauta a maganar. VLAN, wato kasa suwic ɗaya gida-gida, ke raba gardama. Ƙa'idar 802.1Q ta 1998 ta ba da damar a liƙa wa kowane ƙunshi tambari na bayit 4 (da bayit ake auna girman saƙo), a cikinsa akwai lamba mai bit 12, wato ana iya samun gidaje 4094 a kan suwic ɗaya. Ka sa kyamarori a VLAN 20, ka bar VLAN 20 ya bi kebul ɗin da ya haɗa suwic da suwic, sai kyamarar da ke bakin ƙofar shiga da na'urar naɗar hoto da ke ofis su zama gida ɗaya, ba tare da an cuɗe su da wayoyin malamai ba. Sharaɗin kawai suwic ɗin ya zama irin wanda ake shiga a saita shi.

In kuwa dole sai an ratsa ta rauta, ita ma ana iya sa ta aikin gada. A na'urorin Cisco akwai tsohon tsari da ake kira IRB: a tara kafofi a rukunin gada ɗaya, a ƙirƙiro wata kafa ta ƙarya mai suna BVI a ba ta adireshin IP, sai abin da ke iya bin tasha ya bi ta BVI, wanda ba ya iyawa ya bi gada. Wasu suwic ɗinsu, irin Catalyst 3550 da 3560, na iya raba IP tsakanin VLAN da VLAN, su kuma yi wa yarukan da ba IP ba gada a gefe. A MikroTik, na'urar ƙasar Latbiya da ta fi kowace yawa a hannun ma'aikatanmu, abin bai wuce danna maɓalli uku ba: ƙirƙiri gada, jefa kafa, jefa wata. Wannan sauƙin ne ya sa kalmar birij ta fi sauri a bakin yaranmu.

Akwai wani abu daga zamanin SNA da ya kamata mai wannan sana'a ya riƙe. Waɗancan yarukan an gina su ne a kan cewa amsa za ta dawo nan take, tunda gida ɗaya ake. Da aka shimfiɗa musu gada a kan dogayen layuka masu nauyin tafiya, sai amsa ta riƙa makara, zama ya riƙa yankewa. Maganin da aka kawo shi ne DLSw, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a 1995: rautar da ke kusa ita ke amsa wa na'ura nan take, sannan ta ɗauki saƙon ta kai can ta hanyar TCP a natse. Gada ba ta rage nisa. Na'urar da aka ƙera don tsakar gida tana nan da gajen haƙurinta ko da ka haɗa ta da Jega.

Masu haɗa gini da gini da rediyo, irin farantan Ubiquiti da MikroTik da ake gani a kan dogayen ƙarafa a gari, suna da nasu tarko. Ƙunshin Wi-Fi na yau da kullum gurbin adireshi uku gare shi, saboda haka rediyon da ke matsayin mai karɓa ba ya iya gabatar da sunayen yankan na'urorin da ke bayansa, nasa kaɗai ake gani. Intanet zai yi aiki, amma PPPoE da lalubo na'ura su riƙa yin gardama. Sai an kunna tsarin adireshi huɗu, wanda ake kira WDS, kafin rediyon ya zama gada ta gaskiya. Na sha tarar da mutum ya canja kebul, ya canja suwic, har ya sake hawa ƙarfe a tsakar rana, alhali akwati ɗaya ne bai cika ba a shafin saiti.

Tsakanin gari da gari, inda intanet ɗin wasu ne a tsakiya, bututu ake yi. A ɗauki ƙunshin Ethernet ɗungurungum, da sunan yankansa da komai, a cusa shi cikin fakitin IP, wato kwalin saƙo, mai adireshin rautar can. Duk tashoshin da ke hanya kwali kawai suke gani mai gari a rubuce. In ya isa, rautar can ta buɗe ta saki abin da ke ciki a tsakar gidanta. MikroTik na da irin wannan bututu mai suna EoIP, da aka gina a kan GRE, wani tsarin cusa saƙo cikin saƙo. Akwai L2TPv3 na 2005. Akwai VXLAN na 2014, mai bi ta yaren aike na UDP a kafa 4789 (a nan kafa lamba ce, ba ramin kebul ba), wanda lambarsa ta bit 24 ke ba da gidaje sama da miliyan 16, shi ya sa manyan rumbunan saba suka rungume shi. Kamfanonin sadarwa kuma na sayar da irin wannan haɗi a kan tsarinsu da ake kira MPLS ga mai hali.

A nan ƙasarmu bututun na cin karo da abu biyu tun kafin ya fara aiki. Layin waya na ɗaukar data, da Starlink da ya shigo Najeriya a farkon 2023, yawanci ba sa ba ka adireshin jama'a naka na kanka. A bayan wani babban shinge kake da ake kira CGNAT, kai da mutane da yawa kuna raba adireshi ɗaya. In ka ga rautarka ta samu lamba tsakanin 100.64 da 100.127, to a can kake. GRE ba shi da lambar kafa irin ta UDP, shi ya sa yake wahalar ratsa wannan shinge. Na biyu, EoIP da VXLAN ba sa ɓoye abin da suka ɗauko, a buɗe yake tafiya. Dabarar da ke magance duka biyun ita ce a fara shimfiɗa WireGuard ko IPsec, bututun da ke kulle saƙo kada a karanta shi a hanya, sannan a zura EoIP a ciki. WireGuard IP kaɗai yake ɗauka, ba ya ɗaukar Ethernet da kansa, kuma sai gefe ɗaya na da adireshin jama'a, ko a yi hayar ƙaramar saba a tsakiya kowa ya kira ta.

Kowane naɗi kuma da nauyinsa. Ethernet na ɗaukar bayit 1500 a ƙunshi ɗaya. EoIP na cin 42, saura 1458. VXLAN na cin 50, saura 1450. WireGuard a saitinsa na asali 1420 yake bari, in ka cire 42 na EoIP, 1378 ya rage maka. Kwamfutar da ke ofis ba ta san da wannan lissafi ba, 1500 take aikowa. Alamar ciwon ita ce mai rikitarwa: ping na tafiya lafiya lau, saƙon WhatsApp na shiga, amma hoton kyamara ya daskare, wani shafin ya buɗe rabi ya tsaya. A MikroTik ma, in ka jefa EoIP cikin gadar da kowa ke kai ba ka kula ba, gadar na sauko da ma'aunin girman ƙunshinta zuwa na kafar da ta fi ƙanƙanta, sai ofis gaba ɗaya ya kamu. Maigida zai ce kamfanin intanet ne, ya canja layi, ciwon ya bi shi.

Sannan ga rikicin DHCP. Gida biyu da aka fasa musu katanga, kowanne da mai rabon adireshinsa. Kwamfutar Jega ta yi shela, wanda ya riga amsawa shi ta bi. Wata rana na Birnin Kebbi ne zai riga, sai ya nuna mata tasa ƙofar fita. Daga nan duk abin da ma'aikacin Jega ya buɗe a intanet sai ya biyo bututu ya zo Birnin Kebbi, ya fita, ya dawo ta nan, an biya kuɗin data a layi biyu. In aka ɗauke wuta a ofis batir ya mutu, Jega ta rasa intanet alhali nata layin lafiyarsa ƙalau. In kuma rautocin biyu an bar su da 192.168.88.1 da MikroTik ke zuwa da shi, to mutum biyu ne ke amsa suna ɗaya a gida ɗaya. Ga shi ARP, yaren da ake tambayar wane ne mai wannan IP, tun 1982 ba shi da hanyar tantance mai amsawa. Duk wayar da ta samu lambar Wi-Fi ɗin sito, in mai ita ya san hannunsa, tana iya cewa ita ce rautar ofis, a yarda da ita.

Amma babban abin tsoro shi ne zobe. Na ce rauta na rage TTL a kowace tasha, in ya kai sifili a jefar da fakitin, saboda haka saƙon IP da ya ɓata yana da ajali. Ƙunshin Ethernet ba shi da wannan lamba sam. In hanya biyu ta haɗa gida ɗaya, shela za ta fita ta nan ta dawo ta can, suwic ya sake watsa ta, ta sake dawowa, kowace sabuwar shela ta ƙaru a kan ta baya, ba mai mutuwa.

Na ga wannan da idona a wata makaranta mai ɗakin jarrabawar kwamfuta. Kebul ne ya haɗa ginin ofis da ɗakin, sai wani mai kyakkyawar niyya ya ƙara rediyo a matsayin madadi, wai ko ɓera ya ci kebul. Ya jefa duka biyun a gada ɗaya. Da na shiga ɗakin saba, ban buɗe kwamfuta ba na gane. Fitilun suwic, da a kullum kowace ke ƙyaftawa lokacinta, duka sun haɗa baki suna rawa tare da sauri kamar ba sa mutuwa. Ba kwamfutar da ke ganin saba. Malamin da ke kula da ɗakin zufa ta jiƙa masa riga, ɗalibai na zaune a waje ƙarƙashin dogon yaro suna jira. Na miƙa hannu na zare kebul ɗin rediyon. Kafin in ƙirga biyar fitilun sun koma numfashinsu.

Maganin zobe ya girmi yawancin masu aikin nan. Radia Perlman ce ta ƙirƙiro shi a 1985 tana aiki a DEC, ya zama ƙa'idar 802.1D a 1990, ana kiransa STP. Suwic-suwic na aika wa juna ɗan saƙo duk daƙiƙa 2, su zaɓi shugaba, kowa ya nemi hanya mafi kusa zuwa gare shi, duk hanyar da ta yi saura a toshe ta a ajiye don ranar buƙata. Tsohon tsarin na ɗaukar daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe madadin, RSTP na 2001 ya rage wannan ƙwarai. Sai dai a kula da zaɓen shugaban. Mai ƙaramar lamba ke ci, kowa kuma da 32768 yake zuwa daga kamfani, in an yi kunnen doki sai a duba sunan yanka mafi ƙanƙanta, wanda sau da yawa na tsohon suwic ne da aka jefa a bayan kabad. In ka shimfiɗa gada har Jega ba ka naɗa shugaba da hannunka ba, mai yiwuwa can za a zaɓo shi, duk lokacin da layin ya yi tangal-tangal ofis ya sake zaɓe. Ƙananan suwic na kasuwa masu kafa biyar ko takwas kuwa, yawancinsu ba su san STP ba ko kaɗan.

Saboda haka kafin in taɓa gada, tambaya ɗaya nake yi: wane saƙo ne takamaimai yake son ƙetarawa? Sau da yawa amsar 'yar ƙarama ce, ɗan aike ya ishe ta. In DHCP ne, rauta na iya karɓar shelar ta mayar da ita wasiƙa mai adireshi zuwa saba, ta rubuta a ciki daga wane gari ta fito don a ba da lambar da ta dace. Layi ɗaya ne a Cisco, akwati ɗaya a MikroTik. In firinta ce wayoyi ba sa gani, akwai masu maimaita mDNS, irin Avahi, da ke ɗaukar wannan kira kaɗai su faɗe shi a ɗaya gidan. In kyamara ce, kusan kowace manhaja na da wurin da za ka rubuta adireshin IP da hannu, lalube na malalaci ne da na ranar farko.

Abin da muka yi wa Alhaji ke nan. Muka ba kowace kyamara adireshi tsayayye, daga 192.168.20.11 zuwa 18, na sa yaron ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Hotuna suka fito: ga bakin sito, ga 'yan dako da buhuna a ka, ga direba na wanke fuska a gindin famfo. Na'urar yatsa ma haka. Ba gada, ba shela, kowane gari da rabon adireshinsa da ƙofar fitarsa.

Sikelin ne ya ƙi. Manhajarsa tsohuwa ce, mun bincika ko'ina ba gurbin rubuta adireshi, shela kawai ta iya, wanda ya sayar da shi kuma ba a samunsa a waya. A nan ne gada ta zama dole, kuma na gina ta ba tare da wata damuwa ba, domin wannan ne wurinta. Sai dai siririya muka yi. Muka ware VLAN 30, a cikinsa na'ura biyu rak: akwatin sikeli a Jega, da kwamfuta ɗaya a teburin akawu a Birnin Kebbi. Muka zura EoIP cikin WireGuard, muka haɗa shi da VLAN 30 kaɗai, bai taɓa gadar ofis ba. Muka sa abin tace saƙo a bakin bututun ya hana kafofin 67 da 68 na DHCP wucewa, muka rubuta wa na'urorin biyu adireshi da hannu, muka sauko da ma'aunin ƙunshi zuwa 1378, muka kunna RSTP da rautar ofis a matsayin shugaba. Na yanki farin selotef na manna a kan kafar suwic ɗin da ke Jega, na rubuta da alƙalamin maka: ta sikeli ce, kada a soka komai.

Bayan sallar la'asar wata tirela ta hau sikeli a Jega, lambar ta fito a allon akawu, firinta ta turo takarda. Alhaji ya karɓa ya duba, ya ɗaga waya ya kira mai kula da sito ya ce ya karanto masa abin da ke gabansa. Suka karanta tare, lamba bayan lamba, ta zo ɗaya.